Matuƙan jiragen dakon kaya da suka mutu a Arnhem: inda ake tunawa da su

Jama'a, duk lokacin da aka yi zancen jarumtar Yaƙin Duniya na Biyu, hankali yakan tafi kan masu harbi da masu jefa bom. Ni kuwa yau waɗanda nake so in kawo muku labarinsu, ko bindiga babu a jikin jirginsu. Aikinsu kawai su kai wa 'yan'uwansu abinci da magani da harsasai.

A ranar 17 ga Satumba 1944, lokacin ƙasar Holan tana hannun sojojin Jamus, Birtaniya ta fara sauke sojojin laima kusa da garin Arnhem don su kame gadar da ke kan kogin Rhine. Sun kai mutum 10,000. An shirya dakarun ƙasa za su iske su cikin 'yan kwanaki, amma hakan bai yiwu ba. Jamusawa suka yi musu ƙawanya a garin Oosterbeek, ba shiga ba fita, sai abin da aka jeho musu daga sama.

Nan ne aikin jiragen dakon kaya ya taso, irin su Dakota, suna tasowa daga Ingila. Don kayan su faɗa inda ake so, dole jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, ya miƙe sambal ba kauce-kauce, da rana tsaka, bindigogin kakkaɓo jirage na ta ɓarin wuta. Wani abin takaici kuma, Jamusawa sun riga sun ƙwace filayen da aka keɓe don sauke kayan, ga na'urorin sadarwa sun ƙi aiki yadda ya kamata. Saboda haka mafi yawan kayan a hannun abokan gaba suka faɗa.

Wanda sunansa ya fi fita shi ne David Lord, matuƙi ɗan shekara 30 daga runduna ta 271. A ranar 19 ga Satumba aka harbi fiffiken dama na jirginsa, inji ya kama da wuta, saura minti uku ya isa wurin sauke kaya. Bai juya ba. Ya sauko ƙafa 900 daga ƙasa aka tura kaya. Da aka ce masa saura ƙunshi biyu, sai ya sake zagayowa, wuta na ci. Bayan an gama ya umarci mutanensa su dira, shi ya riƙe jirgin. Kafin su ankara fiffiken ya karye. Cikin mutum takwas, ɗaya ne ya tsira, Harold King, mai duba musu hanya, wanda Jamusawa suka kama. Sai da aka sako shi a 1945 aka ji cikakken labarin, aka ba Lord lambar Victoria Cross, wadda babu sama da ita a jarumtar soja a Birtaniya. Shi kaɗai ne ya samu wannan lamba a rundunar jiragen sufuri a duk tsawon yaƙin.

To a ina ake tunawa da su?

Na farko, maƙabartar sojoji ta Oosterbeek, mai kaburbura sama da 1,700. A nan Lord yake kwance kusa da mutanen jirginsa. Duk watan Satumba yaran makarantun yankin suna ajiye furanni a kan kaburburan, al'adar da aka faro tun 1945.

Na biyu, dab da maƙabartar akwai dutsen tunawa da sojojin lodi, wato waɗanda ke tsayawa a bakin ƙofar jirgi suna tura kaya waje. An kafa shi a 1994, shekara 50 bayan yaƙin, don mutum 79 daga cikinsu da suka mutu. Huɗu daga mutanen jirgin Lord irin waɗannan ne.

Na uku, ƙauyen Down Ampney a Ingila, inda jirgin ya taso. A cocin ƙauyen akwai tagar gilashi mai zane da aka yi don tunawa da waɗanda suka tashi daga filin, akwai kuma dutsen tunawa a tsohon filin jirgin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an sha kashi a wannan yaƙin. Daren 25 ga Satumba aka janye, mutum kimanin 2,400 ne kawai suka haye kogin. Kayan da aka ba da rai dominsu ma ba su isa ba. Amma mutanen Oosterbeek ba su auna waɗannan bayin Allah da nasara ba, da cika alƙawari suka auna su. An ba su amanar kaya, sun kai har inda aka ce su kai.