Yadda zazzaɓin cizon sauro ke rage ƙwayoyin daskarar da jini

Baya ga jajaye da fararen ƙwayoyi, jinin ɗan Adam na ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filatilet. Aikinsu shi ne toshe rauni da daskarar da jini idan jijiya ta fashe. A ɓargo ake samar da su, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10, kuma mai lafiya na da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini. Raguwarsu na daga cikin canje-canjen da aka fi gani a jinin mai zazzaɓin cizon sauro.

Me ke rage su?

Na farko, saifa. Ko a lokacin lafiya tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ƙwayoyi. Idan cutar ta sa ta kumbura, sai ta ƙara tsare su, tana kuma lalata wasu. Na biyu, garkuwar jiki: a yaƙinta da cutar takan afka wa filatilet ɗin kansu. Na uku, ƙwayoyin suna manne wa jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga, su saki sinadarin da ke kashe ta, su ma su ƙare a wajen. A nau'in falsifarum, wanda ya fi yawa a Najeriya da Nijar, wannan mannewa kan taimaka wajen cunkushe ƙananan jijiyoyi, har da na ƙwaƙwalwa.

Yaya girman haɗarin?

Duk da raguwar, ba kasafai marar lafiya ke zubar da jini ba. Da zarar an kashe ƙwayar cutar, adadin kan farfaɗo da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka maganin shi ne na zazzaɓin: haɗin magungunan atemisinin, ko allurar atesunet idan ciwon ya tsananta. Ƙarin filatilet sai a yanayi na musamman, bisa shawarar likita.

Amma haɓo, jini daga dasashi, baƙin bayan gida ko jajayen ɗigo a fata alamu ne na a garzaya asibiti. Mai irin wannan zazzaɓi ya guji asfirin, domin yana raunana aikin ƙwayoyin da suka rage. Farasitamol ya fi dacewa wajen sauke zafin jiki.

Inda giɓin yake

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Wannan yawa ya sa kusan kowane zazzaɓi sunansa maleriya, tun daga gida har kemis. Alhali zazzaɓin Lassa, da na dengi, da shawara, duk suna rage filatilet, kuma mutum na iya ɗauke da ƙwayar maleriya tare da ɗaya daga cikinsu.

Gwajin gaggawa na ɗigon jinin yatsa ƙwayar maleriya kaɗai yake nema, ba ya ƙirga filatilet. Ƙirgawar na buƙatar ɗakin gwaji da ƙwararren ma'aikaci, abin da ƙananan asibitocin karkara da dama ba su da shi. Don haka zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan kwana uku ana shan maganin maleriya yana buƙatar cikakken gwajin jini a babban asibiti, musamman da rani a jihohi irin su Bauchi da Taraba, inda Lassa ke yawan ɓulla. Samar da wannan gwaji kusa da jama'a nauyi ne da ke wuyan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a kasafin kuɗin lafiya ake gane ko sun ɗauke shi.