Fassara Sakamakon Kwatancen Sinadarai a Binciken Man Fetur: Nazari kan Kudancin Jihar Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake fassara kamanni tsakanin samfuran mai, inda ta ɗauki Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa a matsayin misali. Ta nuna cewa kamannin sinadarai ba ya zama hujjar kwanciyar mai sai tarihin duwatsun wurin ya mara masa baya.

1.0 Gabatarwa

Tun da kamfanin NNPC ya sanar da gano mai a rijiyar Kolmani ta biyu a Oktoban 2019, a kan iyakar Bauchi da Gombe, aka kuma ƙaddamar da aikin haƙarsa a Nuwamban 2022, fatan samun mai ya ƙaru a Arewa. Tambayar maƙalar ita ce: idan aka ga maiƙo a ruwan rijiya a kudancin Kano, awo kuma ya nuna ya yi kama da ɗanyen mai, me wannan yake nufi?

2.0 Hanyar Nazari

An kwatanta sanannun ƙa'idojin awon sinadarai da yanayin duwatsun yankin. Awon ya dogara ne kan sinadaran da mai ya gada daga halittun da suka rikiɗe suka zama shi, irin su firisten, fiten da oliyanen. Idan firisten ya ninka fiten fiye da sau 3, ana danganta man da tsirran tudu. Idan bai kai yawan fiten ba, asalin man laka ce da ta kwanta a ruwa mai ƙarancin iskar shaƙa. Oliyanen kuwa daga tsirrai masu fure yake, yana da yawa a man Neja Delta.

3.0 Duwatsun Yankin

Kolmani na cikin kwarin Gongola, inda yashi da laka suka taru rufi-rufi, kamar shimfiɗun Bima, Yolde da Pindiga. Kudancin Kano kuwa a kan tsohon dutsen gindi yake zaune, wanda zafi da matsi suka sarrafa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Duwatsun Riruwai da ke Doguwa narkakken dutse ne da ya sandare wajen shekara miliyan 170 baya, shi ya sa aka san wurin da kuza. Mai yana nuna ne a zafin da bai cika wuce digiri 60 zuwa 120 ba, alhali irin wannan dutse ya haura digiri 600 kafin ya daskare. Babu laka mai ɗauke da ragowar halittu da za ta haifi mai a nan.

4.0 Fassarar Sakamako

Na farko, tataccen mai yana ɗauke da wani ɓangare na gadonsa. Firisten da fiten suna fita tare da man dizal a matata, don haka dizal ɗin da ya tsiyaye daga tanka a Kwanar Ɗangora, ko daga injin ban ruwa a gaɓar madatsar ruwan Tiga, zai iya nuna awo kusa da na ɗanyen man da aka tace shi. Abin da ke tona asirinsa shi ne rashin sinadarai masu nauyi irin su hofen. Baƙin mai akasin haka ne: yana da hofen, ba shi da marasa nauyi.

Na biyu, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa suna fara cinye miƙaƙƙun sinadarai, su bar firisten da fiten. Man da ya daɗe da zubewa sai siffarsa ta sauya, har ta rikita mai fassara.

Na uku, saɓani ya fi kamanni ƙarfin hujja. Bambanci bayyananne a sinadarin da zafi ko ruɓewa ba sa taɓawa ya isa raba samfuri biyu. Kamanni a awo ɗaya bai isa haɗa su ba.

5.0 Kammalawa

Duk maiƙon da aka samu a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, a fara ɗaukarsa a matsayin gurɓatar ruwa, a kwatanta shi da man gidajen mai da injinan da ke kusa, sannan a haɗa da awon nau'o'in kabon. Ribar wannan awo a kudancin Kano ita ce gano inda mai ke tsiyaya, domin a kare ruwan sha.