Tsohon diraib ya mutu, sabo ya ƙi jin yaren injin

Sau da yawa injin da ke yanka leda tsawo ɗaya sak, ko yake cika kwalba ya tsaya a kan layi, akwai moton sarbo a cikinsa. A bayan moton kuma akwai akwatin da ke tuƙa shi, wanda mu masu lantarkin masana'antu muke kira diraib. Wata na'ura a ƙeyar moton, mai suna enkoda, tana gaya wa diraib inda sandar take, shi kuma ya gwada da inda ake so ta kasance, ya ƙara wuta ko ya rage, sau dubbai a daƙiƙa guda.

A Yaƙin Duniya na Biyu fasahar ta girma, wajen juya bindigogi da rada. A 1952 jami'ar MIT ta Amurka ta nuna injin sassaƙa ƙarfe mai karɓar umarni daga tef mai huji, daga nan masana'antu suka karɓe ta. Japanawa suka riƙe ta hannu bibbiyu, har kamfanin Fanuc ya fita daga cikin Fujitsu ya tsaya da ƙafarsa a 1972.

Injinan da na fara koyon aiki a kansu na wancan zubin ne: moton DC mai burushin kabon, da diraib mai karɓar umarni ta waya biyu, daga bolt 10 na gaba zuwa bolt 10 na baya. Da ƙaramin sukudireba ake saiti. Za ka ga sandar moton tana rarrafe a hankali alhali ba a ce ta motsa ba, sai ka murɗa ɗan sukurin da ke kan allon har ta tsaya cak. Sannan ka koma kan na ƙarfin amsawa, kana murɗawa kana kasa kunne, da zarar moton ya fara gurnani sai ka ɗan mayar da hannu baya. Hannu yakan yi baƙi da garin kabon, amma akwai 'yanci a wannan zamani. In diraib ya ƙone, kusan kowanne mai ƙarfi daidai zai hau gurbinsa, domin duk yare ɗaya suke ji.

Shekarun 1980 suka kawo maganaɗisun neodymium da tiranzistan IGBT, moton AC marar burushi ya kori na DC. A shekarun 1990 saiti ya bar sukudireba ya koma lambobi ɗaruruwa a ƙwaƙwalwar diraib, waɗanda muke kira faramita. Simodrive 611 na Siemens da kayan Indramat sun cika injinan Turai na lokacin. Wayoyin bolt 10 suka ba da wuri ga hanyoyin sadarwa irin su SERCOS da Profibus, sai EtherCAT da Beckhoff ya fito da shi a 2003. Aiki ya ƙara kyau, babu musu. Sai dai enkoda ma ta koyi yaruka, EnDat a nan, Hiperface a can, DRIVE-CLiQ a gidan Siemens, kuma tun daga nan moto da diraib suka zama kamar kwarya da murfinta.

A Sharaɗa da Bompai da Challawa injina da yawa tokumbo ne, sun gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su iso Kano, wasu ba littafi, wasu littafin da Jamusanci ko Italiyanci. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin bazara ya busar da kafasita, sauyawa tsakanin wutar layi da janareta ta ƙarasa sauran. Ran da diraib ya kwanta, sai a tarar kamfanin ya daina ƙera irinsa.

A nan ake ja-in-ja da mai masana'anta. "Injiniya, ba akwati ɗaya ne ya ƙone ba? Me ya kawo maganar moto da kebul?" Sai ka ce, "Ranka ya daɗe, sabon ba zai karanta enkodar tsohon moton ba." In an sauya moton, wataƙila ramukan noti su ƙi haɗuwa, ko kaurin sandar ya bambanta, sai an je wurin mai injin sassaƙa. Shirin PLC ɗin da ke ba diraib umarni ma sai an taɓa shi. Yawanci maigida yakan zaɓi a nemo masa tokumbo irin wanda ya mutu. Ban ga laifinsa ba in oda tana jira, amma kafasitan da ke ciki sa'o'in waɗanda suka mutu ne. Ko sabon da ya shekara biyu a sito ba a jona shi kai tsaye, sai an ɗaga masa wuta a hankali.

Abin da ya fi cin lokaci kuwa faramita ne. Ƙarfe ana sayensa, amma lambobin da wani Bature ya daidaita wa wannan injin shekaru ashirin baya suna cikin akwatin da ya ƙone, tare da inda sifirin injin yake. In babu kwafi, sai a sake ginawa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na zaune, ana ɓarnar leda wajen gwaji.

Ina kira ga abokan sana'a da masu masana'antu: diraib ɗin da ke aiki lafiya yau, a jona masa laftof a kwafe faramitansa, a buga a takarda, a ɗauki hoton lambar moto da ta enkoda, a kuma sauya batirin enkoda da wuta a kunne kafin ya mutu. Aikin yini ɗaya ne, kuma a yi shi cikin wannan makon.