Tsohuwar Mota a Hanyar Gwanja

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Paraku ta nufi Jugu, a arewacin ƙasar Benin, tafiyar da ba ta cika kilomita 140 ba, ko da bai san kome game da inji ba, ba zai rasa ganin wata tsohuwar mota a gindin mangwaro ko a ƙofar wani gida ba, an ɗaga mata baki, an sauke kan injinta an ɗora bisa kwali, yara biyu masu riguna baƙi ƙirin da mai suna kankare shi, maigidansu kuwa yana zaune a benci riƙe da wani siririn faifai mai manyan ramuka huɗu a jere, yana ɗaga shi ga hasken rana yana neman inda wuta ta ci. Wannan faifai shi kanikawan Kano ke kira gaskit, na ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa suna ce masa juwan, kan injin kuma kilas. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwama da kuɗin mota, kuma da zarar an rufe inji ba mai sake ganinsa, amma a kansa ake sanin bakaniken ƙwarai a waɗannan garuruwa biyu, kuma ba a fahimtar yadda sana'ar ta yi saiwa a nan sai an koma ga labarin hanyar kanta.

Tun kafin a san mota, Jugu, wadda fatakenmu ke kira Zugu, babban zango ce a hanyar Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da jar fata, ya ƙetare Kwara, ya shiga ƙasar Bargu, ya bi ta Nikki, wani sa'i ta Paraku, ya sauka Zugu ya huta, sa'an nan ya miƙe zuwa Salaga inda ake sayen goro, tafiya da komowa kuwa takan cinye watanni da dama. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka shahara da wannan fatauci, kuma irin ayarinsu ne Bature Clapperton ya tarar a Kayama a 1826 yana komowa daga Gwanja. A Zugu Sarkin Kilir yana da garinsa, baƙi Musulmi suna da unguwarsu ta Wangara, da limamansu da masu masaukinsu, Dendi kuwa ya zama harshen kasuwa, kamar yadda yake har yau a garuruwan biyu. Abin da littattafai ba su cika tsayawa a kai ba shi ne cewa zango wurin gyara ne kafin ya zama wurin ciniki, domin jakin da ya ɗauko kaya tun daga Kano ba ya isowa Zugu sai da gajiya, kuma madugu mai hankali ya san halakar dabba takan fara ne daga akumari, wato shimfiɗar da ke tsakanin kaya da gadon baya, wadda in ta lotse a gefe guda sai miki ya fito, miki kuwa in ya ruɓe an yi asarar jaki, kayansa kuma su zama nawaya ga sauran.

Wannan hanya ta mutu sannu a hankali. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwa, Turawa suka yanka iyakoki, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Sai dai Allah da ikonsa, abin da ya kashe tsohuwar hanya shi ya haifi sabuwa. Faransawa sun ja layin dogo daga Kwatano, ya iso Paraku a 1936, tsawon kilomita 438, a nan kuma ya tsaya, bai ƙarasa zuwa Kwara ba balle Yamai. Tsayawar nan ita ce asalin arzikin kanikawan Paraku, saboda a wancan zamani duk abin da jirgi ya kawo domin Nijar tilas a sauke shi a ɗora wa babbar mota, duk abin da ya fito daga Nijar kuma a nan ake mayar da shi cikin tarago. A 1953 aka soma shirin da Faransawa suka kira Hirondelle, wanda ya karkato gyaɗar ƙasar Maraɗi daga hanyar Kano zuwa hanyar Dahome, wato Benin ta yau. A 1958 aka gama gadar Kwara da ta haɗa Gaya da Malanbil, bayan shekaru ana ƙetarewa da jirgin fito. A 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar. Daga baya kuma, da aka fara haƙar yuraniyam a Arlit, shi ma ta Paraku ya riƙa bi. Jugu, wadda dogo bai je mata ba, ta tsira da matsayinta na mararraba, hanya ɗaya zuwa Natitingu da Burkina Faso, ɗaya zuwa Kara ta Togo, ɗaya kudu ta Basila, sai 'ya'yan masu masauki da jikokin fatake suka zama direbobi da masu motoci.

Manyan motocin wancan zamani, irin su Berliet, suna tafiya ne bisa jar ƙasa mai gargada, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu, ɗauke da fiye da abin da maƙeransu suka ƙayyade, alhali kayan gyara suna can Kwatano ko ma Faransa. To, a irin wannan hali ba abin da ke saurin gazawa kamar gaskit, kuma dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa leƙa cikin inji. Inji gida biyu ne, gangar jiki inda fistin ke hawa da sauka, da kai inda bawul suke, a tsakaninsu kuwa abubuwa uku ke wucewa waɗanda ba su halatta su haɗu ba: wutar da ke tashi cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya ƙarfe, da baƙin mai da ke sa shi santsi. Gaskit shi ne hijabin da ke tsakaninsu. Idan lagireto ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko fambel ya tsinke direba bai lura ba, sai inji ya yi zafi fiye da kima, kan ya ɗan lanƙwashe gwargwadon abin da ido ba ya gani, wuta ta sami kafa. Alamominsa kuwa kowane karen mota ya haddace su: farin hayaƙi a salansa, ruwa yana ƙarewa ba a ga inda ya zuba ba, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma kamar an dama shi da nono.

Zamanin da wannan ilmi ya fita daga garejin kamfani ya shiga gidajen mutane shi ne zamanin Peugeot, wadda muke kira Fijo. Samfurin 404 ya fito a 1960, shekarar da Dahome ta sami mulkin kai, 504 kuma a 1968, daga 1975 kuwa aka riƙa haɗa su a Kaduna, har kayan gyaransu suka cika kasuwannin iyaka. A ganina ba a taɓa yin motar da ta karantar da talakan Afirka ta Yamma kanikanci kamar 504 ba, domin injinta a sarari yake, hannu yana kaiwa ko'ina, kuma mai ita, in yana da sifana da haƙuri da maƙwabci masani, yana iya sauke kai da hantsi ya mayar kafin magariba. Amma tana da sirri guda wanda ya kunyata masu gaggawa da yawa. Gangar jikinta baƙin ƙarfe ce, kanta kuwa alminiyam, wanda ke buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, sa'an nan silindojinta ba a jikin gangar aka fafe su ba, kwasfa ne da ake zurawa, ruwa yana kewaye da su. Saboda haka wanda ya ɗaga kan da ƙarfi tsaye, ko ya juya inji bayan ya sauke kai ba tare da ya danne kwasfan nan ba, ya motsa su daga mazauninsu, ruwa zai sauka cikin mai ta ƙasa ko da ya sa sabon gaskit goma, aikin yini ɗaya ya zama na mako.

Sauran ƙa'idodin aikin, tsofaffin kanikawa suna karantar da su ne kamar yadda ake karantar da farillan alwala, kowanne a muhallinsa, ba a gabatar da na baya. Ba a kwance kusoshin kai sai inji ya huce sarai. Ana kankare fuskokin biyu har su yi tas, ba tare da an yi musu rauni ba. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar kai a duba ko haske na wucewa, in yana wucewa a kai wa mai injin share ƙarfe ya daidaita ta. Wajen ɗaurewa kuwa daga tsakiya ake farawa a yi waje, bi da bi, sau biyu ko uku, domin gaskit ya kwanta daidai kamar yadda ake shimfiɗa tabarma daga tsakiyar ɗaki. Littafin kamfani ya ce a yi da sifana mai awo, amma da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe hanyar Malanbil shekara talatin awonsu a damtse yake, kuma ko da yake ban yarda a koya wa yaro haka ba, na ga hannun da bai cika kuskure ba. Ƙananan gaskit na famfon ruwa da na kafireto ba a ma sayensu a da: kwali mai kauri ake ɗorawa bisa ƙarfen, a bi gefensa da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa a hankali har siffar ta yanke kanta. Na kai ne kaɗai ba ya karɓar wannan dabara, don a wancan lokaci tagulla ce ko ƙarfe haɗe da asbesto mai jure wuta. Wannan asbesto kuwa ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru, Faransa ta haramta shi tun 1997, kuma raina yakan ɓaci in na ga yaro yana kankare tsohon gaskit a bushe yana hure garin da bakinsa, alhali ɗan jiƙa shi da mai ya isa ya kwantar da ƙurar.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta dace da wannan wuri, kuma malaman Jugu da suka karanta Risala da Muhtasar sun san ta. A mazhabar Maliku, mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, in ya karɓi kayan mutum ya tafi da su inda mai su ba ya gani, to lamuninsu yana wuyansa. Amma in a gidan mai kaya ya yi aikin, ko a gabansa, hukuncin yakan sassauta, sai fa in an tabbatar da sakaci. Ban ce direbobi sun karanta wannan babi ba, amma al'adarsu ta bi sawunsa, domin mai mota guda wadda ita ce abincin iyalinsa ya fi son a kira bakanike gida, ya sayo gaskit da hannunsa, ya zauna a kan turmi yana kallo har a ɗaure kusa ta ƙarshe. Ya san aikin ɓoyayye ne: mai ha'inci yana iya shafa wa tsohon gaskit manne ya mayar, mota ta tashi lafiya lau, aibin kuma ba zai bayyana ba sai a hawan dutsen Atakora da fasinja tara da buhunan doya.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabuwar mota da sabon kayan gyara suka fi ƙarfin mutane a dare ɗaya, sai tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta cika da tsofaffin motocin Turai, waɗanda mutanen Benin ke kira masu zuwa daga Faransa, mu kuma muke ce musu Beljiyam, don da yawansu daga Brussels ake tattara su a loda a Antwerp. Dubbai suka riƙa bi ta Paraku a jere zuwa Nijar, wasu daga can su gangara Katsina da Kano, kuma hanin da Nijeriya ta yi na shigo da motoci ta iyakar ƙasa daga farkon 2017 ya girgiza wannan ciniki ƙwarai. Motocin nan sun iso ne da tsufansu, sun riga sun ci kilomita dubu ɗaruruwa a ƙasar sanyi, robobinsu sun bushe, don haka aikin gaskit ya ƙaru. Amma tare da su aka shigo da injuna na hannu a kwantena, aka kuma shigo da kayan jabu masu kwali mai kyau, har ya zama yaron da ya yi shekara huɗu yana koyo, aka yi masa bikin 'yantawa kamar yadda al'adar Benin take, sau da yawa abin da ya fi iyawa shi ne sauke inji ɗungum ya ɗora wani. Injunan yanzu kuma gaskit ɗinsu faifan ƙarfe ne rubi-rubi, ba sa yafe fuska mai ƙaiƙayi, kusoshinsu suna miƙewa in an ɗaure, ba a so a maimaita su, wannan kuwa ya fi ƙarfin tsakar gida.

Duk da haka Fijo 504 da 505 ba su ƙare a tashoshin Jugu da Paraku ba, su ke kai mutane kasuwannin ƙauye inda kwalta ba ta kai ba, kuma muddin suna tafiya akwai sauran wata ƙa'ida da ake kiyayewa. Gaskit irin na da yakan ɗan lotse bayan ya sha zafi, shi ya sa aka shar'anta a sake ɗaure kusoshin kai bayan tafiyar kamar kilomita 1,000, da inji a sanyaye. Direba kuwa, da ya ga mota ta tashi kuɗi sun fara shigowa, ba ya komowa da kansa. Saboda haka tsohon bakanike yakan ƙidaya kwanaki, in sun cika ya tashi babban yaronsa bayan sallar asuba, ya miƙa masa sifana, ya ce ya je tasha ya tare motar kafin a kunna ta a fara lodin Natitingu.