Yadda ake ƙyanƙyasar ƙwan maciji mai hancin alade

A ƙasashen Amurka da Turai, kiwon macizai a gida sana'a ce da ke da kasuwarta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi nema shi ne wani ɗan ƙaramin maciji da Turawa ke kira hognose, wato mai hancin alade, saboda hancinsa da ya tanƙwaro sama wanda yake tona ƙasa da shi. Nau'in da aka fi kiwo, wanda masana ke kira Heterodon nasicus, asalinsa filayen ciyawa ne na tsakiyar Arewacin Amurka, daga kudancin Kanada zuwa arewacin Meziko. Dafinsa ba shi da ƙarfi, abin da ya saba jawo wa mutum shi ne kumburi. Idan ya ji tsoro yakan fasa kai yana huci, in hakan bai kori abokin gaba ba sai ya kwanta rigingine, ya buɗe baki, ya yi kamar ya mutu.

Macen takan saka ƙwai daga huɗu zuwa ashirin da 'yan kai, kuma da zarar ta gama sai ta kama gabanta, ba ta kwanci a kansu. Saboda haka aikin ƙyanƙyasa yana wuyan mai kiwo. A nan ne wanda ya saba da ƙwan kaza ya fi shiga haɗari, domin kusan duk abin da ke raya ƙwan kaza yana iya kashe na maciji.

Ƙwan kaza yana buƙatar zafin da ya kai kusan digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Na wannan maciji kuwa digiri 26 zuwa 28 yake so, kuma yakan ɗauki kwana 50 zuwa 60. Idan zafin ya haura digiri 30 ya daɗe a haka, 'ya'yan na iya fitowa da karkatacciyar ƙashin baya, ko su mutu a ciki. Ɗan sanyi kaɗan jinkiri kawai yake kawowa, shi ya sa gogaggun masu kiwo suka fi son kuskure ya karkata ta wajen sanyi. Zafin kuma ba shi ke sa ɗa ya zama namiji ko mace ba, saɓanin yadda abin yake ga kada da yawancin kunkuru.

Bambanci na biyu shi ne juyi. Kaza tana juya ƙwanta, injin ƙyanƙyasa ma haka yake yi sau da dama a rana. Ƙwan maciji ba a juya shi. Jim kaɗan bayan an saka shi, ɗan tayin yakan manne a saman ɓawon ta ciki, kuma ƙwan ba shi da zaren nan guda biyu da ke riƙe gwaiduwa a ƙwan kaza. Idan aka kife shi, nauyin gwaiduwar na iya danne tayin. Don haka kafin a ɗauke ƙwai daga inda uwar ta zuba su, ana sa wa kowanne alama da fensir a samansa, a ajiye shi yadda aka same shi. Waɗanda suka manne da juna a bar su haka, domin ɓawon na iya yagewa. Ana kuma kwashe su da wuri, don an san macen wannan nau'i takan haɗiye ƙwanta wani lokaci. Alamar cewa lokaci ya kusa ita ce saɓar da take yi kamar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta saka, kuma daga nan ake ajiye mata akwati mai jiƙaƙƙiyar gansakuka.

Ɓawon ba shi da tauri, laushi gare shi kamar fata, kuma ta cikinsa ƙwan ke shan danshi har ya ƙara girma. Ana jera ƙwan a cikin kwanon roba mai murfi da 'yan ƙananan huji, a binne rabin kowanne a cikin wani ma'adini marar nauyi mai riƙe ruwa da ake kira bamikulait. Awon da aka saba shi ne nauyin ruwa daidai da nauyin ma'adinin. Idan aka dunƙula shi a hannu ya kamata ya haɗe ba tare da ya ɗiga ba. Ruwa ya yi yawa, ƙwai ya kumbura ya yi fumfuna. Ya yi kaɗan, ya loɓa. Ba a yayyafa ruwa a jikin ƙwan kai tsaye, a gefen kwanon ake ƙarawa, kuma ana share raɓar da ta taru a murfi kada ta ɗiga a kansu.

Ƙwai mai rai fari ne, cike yake. Baragurbi yakan zama ƙarami, rawaya, mai santsi. Idan ana shakka, sai a haska tocila a jikinsa cikin duhu bayan kamar mako guda: mai rai zai nuna jajayen jijiyoyi. Wanda bai yi wari ba bai kamata a yi gaggawar zubar da shi ba, domin mummunan ƙwai ma yakan ƙyanƙyashe.

A kwanakin ƙarshe ƙwan yakan ɗan loɓa, kuma wannan ba alamar bushewa ba ce. Ɗan macijin yana tsaga ɓawon da wani ɗan haƙori da ke bakinsa, ya leƙo da kai, sannan ya zauna a ciki kwana ɗaya ko biyu yana shanye ragowar gwaiduwa. Sabon mai kiwo yakan ƙosa ya jawo shi waje, alhali hakan na iya tsinka cibiyarsa.

Kowane ɗa yana buƙatar nasa mazubi da ruwan sha. A daji kwaɗi ne babban abincinsu, saboda haka wasu sukan ƙi jinjirin ɓeran da ake ba su har na tsawon makonni, sai an goga masa warin kwaɗo ko na kifi kafin su karɓa. Masu kiwo ba sa sayar da ɗa sai ya ci abinci da kansa sau da dama a jere.