Babi na Huɗu: Tarihin Inganta Iri da Matsayin Manomin Ƙasar Galadi

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasar Galadi da ke cikin Ƙaramar Hukumar Shinkafi, da irin dangantakarta da garuruwan Ƙauran Namoda da Zurmi. Shi kuwa wannan babi zai bi diddigin yadda aikin inganta iri ya faro daga hannun manomi, ya koma tashar gwaji, har ya kai ga ɗakin binciken ƙwayoyin gado. Manufar ita ce a gano wane amfanin gona ne ya ci moriyar wannan ilimi, wane ne kuma aka bari a baya.

4.1 Zaɓen Iri a Gargajiyance

Tun kafin zuwan Turawa manomin wannan yanki yana da hanyarsa ta inganta iri. A lokacin girbi yakan tsamo zangarniyar gero da ta fi cika da tsawo, ya ɗaure ta daban, ya adana a rumbu har damina ta zagayo. Da yake ƙasar jigawa ce, kuma damina gajeruwa ce, gero ne ya zama ginshiƙin abinci, ana surka shi da wake, dawa kuma a wuraren da ƙasa ta fi riƙe ruwa. Wannan zaɓe yana da amfani, sai dai aiki ne mai tafiyar hawainiya, domin manomi ba ya iya zaɓen abin da idonsa bai gani ba.

4.2 Zamanin Gyaɗa da Tashar Samaru

A shekarar 1922 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tashar binciken aikin gona a Samaru kusa da Zariya, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1929 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda, abin da ya mayar da garin matattarar gyaɗar da ake kwasowa daga ƙauyukan arewa. Abin lura a nan shi ne hankalin Turawa ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, wato kayan da masana'antun Ingila ke bukata.

Fari na farkon shekarun 1970 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, su ne suka karya wannan ciniki. Annobar ta lalata gonakin gyaɗa kimanin hekta 700,000 a Nijeriya. Daga nan masana suka duƙufa ga neman iri mai juriya ta hanyar barbara tsakanin tsirrai, aikin da kan ci shekara goma ko fiye kafin a sami iri guda. Irin gyaɗa SAMNUT 24 da aka fitar a 2011 yana cikin 'ya'yan wannan ƙoƙari.

4.3 Shigowar Ilimin Ƙwayoyin Gado

Wannan ilimi ya zo da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce amfani da alamomin gado: a gutsuri ganyen tsiro tun yana ƙarami, a bincika ko yana ɗauke da halin da ake nema, ba sai an jira kaka ba. Ta biyu ita ce ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa ta cikin tsiro.

A Nijeriya an kafa hukumar da ke sa ido kan hanya ta biyu a 2015. A watan Disamba na 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Samaru ta samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da haɗin gwiwar masana na ƙasar Ostareliya. An dasa masa ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Wannan tsutsa kan cinye har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona, shi ya sa manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas, alhali sabon irin feshi biyu yake bukata. Har ila yau, a watan Janairu na 2024 an fitar da masarar TELA mai jure tsutsa. Sai dai wasu ƙungiyoyi sun nuna adawa da waɗannan irarraki, suna tsoron kada manomi ya koma dogaro ga kamfanonin iri.

4.4 Matsayin Gero

Idan aka dubi waɗannan nasarori za a ga cewa wake ne kaɗai ya shafi manomin Galadi kai tsaye, domin masara ba ta jin daɗin jigawa. Shi kuwa gero, irin da ya fi shahara a hannun manoma shi ne SOSAT, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar a 2000, kuma ta hanyar zaɓe da barbara aka same shi. Ba wai ilimin bai kai ga gero ba ne. A Indiya an fitar da gero mai jure cutar da ke mayar da zangarniya ganye tun 2005 ta hanyar alamomin gado, kuma a 2017 masana suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadon gero. Abin da ya rage shi ne a juya wannan ilimi ga matsalolin jigawa, musamman ƙuduji da yankewar ruwa.

Bugu da ƙari, ta'addancin 'yan bindiga da ya ƙazanta a Zamfara daga wajejen 2011 ya raba manoma da dama na Shinkafi da Zurmi da gonakinsu, ya kuma hana malaman gona shiga ƙauyuka. Iri komai kyansa, in bai isa gona ba, bai amfani kowa ba.

4.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa tun daga 1922 bincike ya fi bin amfanin gonar da ke da kasuwa, daga gyaɗa zuwa wake da masara, gero kuma yana biye a baya duk da cewa shi ne tuwo da furar mutanen Galadi. Babi na gaba zai duba hanyoyin da sabon iri ke bi kafin ya isa kasuwar Shinkafi.