Jami'ar da Ta Iso Mu a Gona

Mu malaman firamare na yankin Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, da cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna muka fara sanin karatu daga nesa. Tun 1976 aka kafa ta, malaman ƙauye suka riƙa ɗaga takardunsu ba tare da barin aji ba.

Jami'ar karatu daga nesa ta NOUN kuwa gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983. Sojoji suka dakatar da ita a 1984, har sai da Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Ga yadda nake karatu a NOUN: a waya nake rajista, in sauke littattafan darasi, in amsa tambayoyin gwaji da dare bayan na gama ban ruwan tumatir a bakin dam. Jarrabawa kaɗai ke kai ni Kano.

Wahalar dai ita ce kuɗin data da cajin waya. Amma matasa, wanda bai samu gurbi a Jami'ar Bayero ba, kada ya naɗe hannu, ga hanya.